Ɓari ɗaya ya sage, ɗaya na ciwo: yadda maganin efidural ya bazu a bayan wata mai naƙuda

Allurar efidural, wato allurar kashe zafi da ake yi wa mai naƙuda a baya, ba ta yawaita a ɗakunan haihuwarmu ba. Wadda aka fi sani ita ce allurar baya ta tiyata, wato sifinal, da ake yi wa mace idan za a ciro mata jariri. Don haka mutane da yawa, har da wasu ma'aikatan lafiya, ɗauka suke yi abu guda ne. Alhali wurin da ake zuba maganin daban, yawansa daban, yadda yake tafiya a jiki ma daban. Lamarin da zan kawo na wata mai cikin fari ne da aka sa wa efidural, ɓarin jikinta na dama ya sage sarai, na hagu kuwa yana nan yana cin ta. Na cire duk abin da zai sa a gane ta ko a gane asibitin.

Mai naƙudar

Shekarunta 24, nauyinta kilo 68, cikin ya kai mako 39. An kwantar da ita saboda jininta ya fara hawa, likitocin mata suka ga ya fi kyau a tayar da naƙuda. Gwajin jininta lafiya lau, ƙwayoyin da ke daskarar da jini sun wadata, ba ta shan maganin tsinka jini, bayanta ba ƙurji ba karkata. Da aka ɗaura mata ruwan naƙuda ciwo ya tsananta, bakin mahaifa yana santimita 4, sai aka yi mata bayanin efidural, ita da mijinta suka amince.

Likitan da ke bakin aiki a lokacin ya zaunar da ita, ya shiga tsakanin gaɓar ƙashin baya ta L3 da L4, wato ta uku da ta huɗu a ƙugu (a wannan ƙirga T na nufin ƙirji, L ƙugu, S ƙasan baya, kuma da shi ake kiran jijiyoyin da ke fita daga wurin). A zurfin santimita 5 daga fata ya ji sirinjin ya saki, alamar bakin allura ya ratsa wata kakkaurar agara mai launin rawaya ya faɗa sararin efidural, wanda ke wajen jakar da laka take ciki. Ya zura siririn bututun roba, wato kateta, har alamar 12 ta tsaya a kan fata. Ma'ana santimita 7 na kateta na cikin sararin. Ya zuƙo, ba jini ba ruwan laka. Ya ba da mil 3 (wato mililita 3) na gwaji, maganin sagar da jijiya mai suna lidoken haɗe da adirenalin, bugun zuciya bai tashi ba, ƙafafu ba su mutu nan take ba. Daga nan ya ba da mil 8 na bufibaken, wani maganin sagar da jijiya, mai ƙarfin kashi 0.25 cikin 100, a kashi biyu. Aka kwantar da ita a gefen hagu, kamar yadda ake yi wa masu ciki don kada mahaifa ta danne manyan jijiyoyin jini.

Bayan rabin awa aka tambaye ta, ta ce, "Da sauƙi, Likita." Aka rubuta a fayil cewa allura ta yi aiki.

Wata ungozoma dattijuwa ce ta ankara. Ta lura duk lokacin da mara ta murɗa, yarinyar sai ta dafe matsematsinta na hagu, ta cije leɓe, gumi ya tsattsafo mata a goshi, amma ko uffan. Ta matsa kusa ta ce, "'Yata, faɗa mini gaskiya, ina ne ke ciwo?" Sai a lokacin ta nuna marar hagu zuwa kwankwaso, ta ce can ɗin kamar ba a yi komai ba.

Wannan "da sauƙi" ya sha yaudarar mu a ɗakin haihuwa. Yarinyar da aka raina a kan cewa raki a haihuwar fari abin kunya ne, wadda ta san mahaifiyarta da surukarta na zaune a baranda suna kasa kunne, ba za ta buɗe baki ta ce allurar likita ba ta yi ba. Kuma ba ƙarya ta yi ba, rabin ciwon ya tafi. A ganina tambayar baki ba ta isa a rufe fayil a kanta ba a irin wannan wuri, sai an gwada jikin.

Abin da gwaji ya nuna

Da aka kira ni a matsayina na likitan kashe zafi, kafin in ɗauko komai sai na yaye zanen da ke ƙafafunta na kama su da hannu biyu. Ta dama ɗumi gau, busasshiya, jijiyoyin bayan ƙafar sun fito raɗau. Ta hagu sanyi ƙalau, da ɗan danshin gumi a tafin. Wannan kaɗai ya ba da rabin amsa, domin siraran jijiyoyin da ke matse magudanan jini su ne na farkon kamuwa idan magani ya iso. Ɓarin da ya samu magani sai jininsa ya sake, ƙafa ta yi ɗumi.

Sannan na sa ƙanƙara a cikin safar hannu, na fara taɓa mata a goshi don ta san sanyin da nake nufi, na dawo cinya ina haurawa sama, dama da hagu. A dama ba ta jin sanyi tun daga gwiwa har yatsu uku sama da cibiya, wajen T8 ke nan. A hagu kuwa tana jin sanyi ko'ina, in ban da wani ɗan fili kamar tafin hannu a saman cinya. Na ce ta ɗaga ƙafa: ta hagu ta tashi sak, ta dama da ƙyar take lanƙwasa gwiwa.

Ciwon matakin farko na naƙuda, na murɗawar mahaifa da buɗewar bakinta, yana shiga laka ne ta jijiyoyin T10 zuwa L1, wato daga daidai cibiya zuwa matsematsi, kuma ta ɓangarori biyu. A dama an rufe su har an wuce, an ma taɓa jijiyoyin motsi da ba a bukata. A hagu ba a rufe ko ɗaya ba yadda ya kamata. Abin lura, a gefen hagun take kwance tun da aka ba da maganin. Da a ce gangare maganin ke bi, da hagun ne zai fara sagewa.

Wurin da maganin ke shiga

Laka da ruwan da take ciki suna cikin wata jaka mai tauri da ake kira dura, wadda ta sauko daga gindin ƙoƙon kai ta ƙare a wajen S2. Lakar kanta a wajen L1 zuwa L2 take ƙarewa a jikin baligi, daga nan ƙasa sai saiwoyin jijiyoyi. Sararin efidural shi ne tsakanin wannan jaka da bangon ƙashin da ya kewaye ta. A allurar sifinal ana huda jakar ne a zuba magani kaɗan, mil 2 zuwa 2.5, cikin ruwan kai tsaye. Can maganin mai nauyi yana bin gangare, shi ya sa karkata gadon tiyata ke sauya inda zai kai. A efidural ba a huda jakar, a wajenta ake tsayawa.

Kuskuren da zanen littattafan makaranta ya dasa mana shi ne ganin wurin kamar wani fanko zagayayye da ake cikawa daga ƙasa zuwa sama. Ba fanko ba ne. A wurare da dama jakar manne take da ƙashi, ba tazara ko kaɗan sai an tura ruwa ya raba su. Inda akwai tazara, a baya da gefe, cike yake da curin kitse, da saiwoyin jijiyoyi masu fita, da saƙar jijiyoyin jini marasa murfi, waɗanda suka fi yawa a gaba da gefe. Ko a tsakiyar baya wajen ƙugu, inda ya fi faɗi, kaurinsa bai wuce milimita 5 zuwa 6 ba. Kuma ba rufaffe ba ne: tsakanin kowace gaɓa da mai bi mata akwai kafa a dama da hagu inda jijiya ke fita, magani ma yana iya tsiyayewa ta nan.

Quinn Hogan, wani likitan kashe zafi a jihar Wisconsin ta Amurka, ya nuna wannan da ido. Ya zuba ruwa mai launi a sararin efidural na gawarwaki, ya daskarar da su, ya yanka sala-sala, ya wallafa abin da ya gani a 2002. Ruwan bai haura a jere ba. Ya rarrabu ne ya bi ƙananan hanyoyi tsakanin kitse da dura da jijiyoyi, duk inda ya fi sauƙin turewa. Kamar ban-ruwa a lambu ne: in ka saki ruwa kaɗan, kwarin da ya fi kusa da bakin tiyo ne zai sha, sauran fangaloli su tsaya a bushe, sai ka sake shi da ƙarfi yake tsallake ƙananan tudu ya kai ko'ina. Kafin wannan, a 1999, ya ɗauki hoton CT na marasa lafiya masu kateta a baya, ya ga bakin katetar sau da yawa ba ya tsakiya kamar yadda muke zato, yana gefe ne, kusa da kafar da jijiya ke fita ko ma cikinta. Ya kuma ga idan aka ƙara yawan ruwan da ake turawa, bazuwar takan fi daidaita tsakanin ɓangarorin biyu.

Wannan ne ya fi dacewa da abin da muka tarar. Kateta ba ta tafiya sak zuwa sama kamar yadda mai zura ta ke fata. Da ta fita daga bakin allura sai ta ci karo da kitse ko jijiya ta karkace, wani lokaci ta naɗe, wani lokaci ta juya ƙasa. Iya tsawon da aka zura, iya damar da ta samu ta kauce wa tsakiya. Wani bincike da Yaakov Beilin da abokan aikinsa suka yi a New York a 1995 ya kwatanta barin santimita 3, da 5, da 7 a jikin masu naƙuda, aka ga 5 ta fi ba da sakamako mai gamsarwa. Tamu 7 ce. Kusan tabbas bakinta ya zame ya kwanta a lungun dama, mil 8 ɗin nan kuma ba su da yawan da za su zagaya jakar su kai hagu. Suka taru a inda suka sauka, da ƙarfinsu, suka kashe dama fiye da kima.

Akwai masu ɗora laifin irin wannan a kan wani tantani da aka ce yana raba bayan sararin biyu, dama da hagu. Lallai an ga wani abu mai kama da haka a hotuna da kuma ta kyamarar da ake zurawa, amma ba kasafai yake zama cikakken bango ba. Ni ba na saurin kama shi, domin idan ka ce halittar mace ce ta jawo, ka rufe ƙofar gyara tun ba ka gwada ba.

Gyaran

Abu uku muka yi a tare. Na ɓare filasta cikin tsafta, na janyo kateta santimita 2, alamar 10 ta dawo kan fata, saura 5 a ciki. Na sake zuƙowa, ba komai. Sannan na haɗa magani mai ruwa-ruwa, bufibaken kashi 0.1 cikin 100 da fentanil, wani maganin ciwo mai ƙarfi, maikirogiram 2 a kowane mil, na ba da mil 15, biyar-biyar, da tazarar mintuna tsakani, ina auna jini ina magana da ita. Ta ci gaba da kwanciya a hagu, ɓarin da ke ciwo a ƙasa. Wannan na ukun muna yin sa ne don ba ya cin komai kuma yana ɗan taimakawa, amma tasirin kwanciya a efidural ƙarami ne, kuma ita kanta ta riga ta nuna mana hakan.

A duba lissafin. Kashin farko mil 8 ne masu miligiram 2.5 kowanne, jimla miligiram 20. Na biyu mil 15 ne masu miligiram 1 kowanne, jimla 15. Magani ya ragu, ruwa ya kusa ninkawa. Bayan minti 20 ƙafar hagu ta ɗauki ɗumi, sanyin ƙanƙara ya ɓace har cibiya a hagu, a dama yana nan wajen T8. Mara ta murɗa sau biyu muna tsaye, tana hira da ungozoma ba ta ma katse maganarta ba.

A taƙaice yawan ruwa shi ke faɗin nisan da magani zai kai, ƙarfin haɗin kuma shi ke faɗin yadda zai kama jijiyar da ya tarar, jimlar maganin ita ke haɗa su. Ƙa'idar da ake koyarwa ita ce mil 1 zuwa 2 ga kowace gaɓa da ake son rufewa. Ƙa'ida ce ta fara lissafi kawai. Philip Bromage, wani likitan kashe zafi da ya yi dogon aiki a kan wannan tun farkon shekarun 1960, ya nuna cewa bukatar tana raguwa da tsufa: abin da zai rufe gaɓa shida a jikin saurayi yana iya rufe fiye da haka nesa a jikin dattijo. Masu ciki ma an daɗe ana rage musu, saboda mahaifa na danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, jinin ya karkata ta jijiyoyin efidural su kumbura su rage fili, kuma jijiyoyin mai ciki sun fi saurin kamuwa da maganin. Tsawo da nauyin mutum kuwa ba sa faɗin abin kirki, sai a wanda ya fita daga misali.

Wani abu da ya biyo baya daga wannan fahimta shi ne yadda ake ci gaba da ba da maganin. Na'urar da ke ɗiga shi a hankali ba tsayawa tana fitar da shi da ƙaramin ƙarfi, yakan fita ta ramin kateta mafi kusa ya kwanta wuri ɗaya. Tura shi a dunƙule lokaci-lokaci yana buɗe hanyoyi da yawa. Shi ya sa asibitocin da ke da hali suka koma na'urorin da ke tura dunƙule bisa tsarin lokaci. Mu da ba mu da na'urar, sirinji a hannu muke ba da ƙari, kuma ta wannan fuskar ba mu yi asara ba, in dai akwai mai tsayawa ya auna jini bayan kowane ƙari.

Da naƙuda ta yi nisa

Awa huɗu ta samu cikin natsuwa, da ƙari biyu a lokutan da aka tsara, kowanne ya kama ɓangarori biyu. Da bakin mahaifa ya kai santimita 8 sai wani sabon ciwo ya zo, ba a mara ba, a can ƙasan baya da dubura, kamar ana danna mata dutse. Ungozoma ta tambaya, "Likita, ko katetar ce ta sake gocewa?" Alamar na nan a 10, ƙanƙara kuma ta nuna cibiya zuwa cinya a rufe suke dama da hagu. Amma a gefen ƙafa ta waje da bayan cinya tana jin sanyi sarai.

Wannan ba gocewa ba ce, yanayin wurin ne. Maganin da aka zuba a ƙugu ya fi son haurawa sama da sauka ƙasa. Ga shi saiwoyin L5 da S1 su ne mafi kauri, magani na daɗewa kafin ya ratsa su. Ciwon da kan jariri ke jawowa idan ya sauko ƙasa kuwa ta S2 zuwa S4 yake bi. Kuma jaririn nata ya juyo da ƙeyarsa wajen bayanta, kwanciyar da ta shahara da ciwon baya. Muka zaunar da ita, muka ba da mil 10 na haɗin nan. Ya rage, bai ɗauke duka ba.

Bayan awa biyu bakin mahaifa bai ƙara ko kaɗan ba, kan jariri ya fara kumbura, bai sauko ba. Likitocin mata suka yanke shawarar a yi aiki. Bugun zuciyar jariri lafiya, saboda haka akwai ɗan lokaci, ba gudu ake yi ba.

Shawara a ƙofar tiyata

A nan ne aka yi muhawara. Ƙaramin likitan da ke tare da ni ya ce, "Ranka ya daɗe, katetar da ta ba mu wahala da safe, me zai hana mu cire ta mu yi sifinal kawai?" Tambaya ce mai kyau. An san cewa katetar da ta yi ta neman ƙarin gaggawa lokacin naƙuda ita ce ta fi ba da kunya a tiyata, kuma tiyata ba ta karɓar rabin aiki: ana bukatar a rufe daga S5 har T4, daidai kan nono, domin tantanin cikin ciki yana aika ciwo ta sama sosai.

Na zaɓi in yi amfani da ita, saboda tun bayan gyaran kowane ƙari ya kama dama da hagu, kuma na gwada da hannuna ban dogara da fayil ba. Da a ce bayan janyewa da ƙarin ruwa hagu ya ci gaba da ciwo, da tun da rana na cire ta na sake sabuwa, ba zan jira sai an zo ƙofar tiyata ba. Amma na ce masa ya riƙe abu ɗaya: zaɓin sifinal yanzu yake da sauƙi, kafin mu tura komai. Idan muka cika sararin da mil 20 sannan abin ya ƙi, muka ce za mu yi sifinal a kai, ruwan da muka tura ya riga ya matse jakar dura, ruwan laka ya ragu a ƙugu, maganin sifinal na iya haurawa sama fiye da yadda aka saba har ya taɓa numfashi. Ga kuma ramin da aka huda, wanda maganin efidural zai iya bi ya shiga. A irin wannan hali sai dai a rage yawan sifinal sosai, ko a jira, ko a sa barci gaba ɗaya.

A kan gadon tiyata, an ɗan karkata ta hagu, ruwa na tafiya a hannu, muka fara lidoken kashi 2 cikin 100 haɗe da adirenalin. Mil 3 da farko, muka jira. Kateta na iya ƙaura ta shiga jijiyar jini ko ta huda dura ko da ta yi awanni tana aiki lafiya, shi ya sa kowane kashi gwaji ne. Na ce mata, "Malama, in kika ji ƙara a kunne, ko ɗanɗanon ƙarfe a baki, ko leɓe ya yi miki wani iri, ki faɗa nan take, wannan ba raki ba ne." Ba ta ji komai ba. Muka ci gaba biyar-biyar har jimla mil 18, miligiram 360, ƙasa da iyakar miligiram 7 ga kowane kilo, wadda a nauyinta ta kama 476. Muka ƙara fentanil maikirogiram 50.

A minti 10, dama ta kai T6 wajen ƙahon zuci, hagu tana T9. A minti 15, dama T4, hagu T6. Sai a minti 20 hagu ta cim mata. Gefen ƙafa da bayan cinya, da suka ƙi ɗazu, yanzu sun sage. Wato har zuwa ƙarshe dama ce a gaba. Janye katetar bai mayar da ita tsakiya ba, yawan ruwa ne ya rinjayi karkatar.

Jinkirin nan ma yana da dalili. Maganin efidural ba a inda aka zuba shi yake aiki ba. Sai ya ratsa dura da siririn tantanin da ke manne da ita ta ciki, wanda shi ne ainihin shingen, ya kai ga saiwoyin jijiyoyi, musamman a hannun rigar da dura ke yi wa kowace jijiya wajen fita. A hanya kitse ya shanye wani kaso ya riƙe, jijiyoyin jini su kwashe wani su tafi da shi. Abin da ya isa kaɗan ne daga abin da aka tura. Dalilin da ya sa efidural ke cin magani ninkin-ba-ninkin na sifinal ke nan, kuma dalilin da ya sa kuskuren wuri ke da haɗari: adadin da aka shirya wa efidural in ya faɗa ruwan laka zai tsayar da numfashi, in ya faɗa jini zai iya kawo jijjiga ko ya tsayar da zuciya. Adirenalin da ake haɗawa yana matse jijiyoyin jinin wurin ne don su rage kwasa.

Da magani ya haura, jininta ya sauka daga 128 bisa 80 zuwa 94 bisa 56, ta ce zuciyarta na tashi. Efedrin, maganin ɗaga jini, miligiram 6 sau biyu da ƙarin gudun ruwa suka dawo da shi. Kafin a sa wuƙa, likitan mata ya matse fata da hantsaki a dama da hagu na inda zai yanka, ba ta ji ba. Aka ciro yaro namiji yana kuka. Ta ji ja da turawa, wanda an riga an gaya mata za ta ji, amma ba zafi.

Idon dama

A ɗakin farfaɗowa nas ta kira ni da sauri: fatar idon dama ta sauko, ɗigon tsakiyar idon ya ƙanƙance fiye da na hagu, farin idon ya yi ja, hancin dama ya toshe. Mahaifiyarta, da aka bari ta leƙo, ta riga ta fara salati, tana zaton shanyewar ɓarin jiki ce, tunda an ce mata jinin 'yarta ya hau.

Ba a yi wasa da wannan zato ba, don mai hawan jinin ciki na iya samun bugun jini a ƙwaƙwalwa. Na duba: hankalinta garau, magana daidai, ba ciwon kai, baki bai karkace ba, ta matse yatsuna da hannu biyu da ƙarfi ɗaya, numfashi da bugun zuciya lafiya, jini 122 bisa 78. Wannan alamar Horner ce. Jijiyoyin da ke buɗe ɗigon ido da taimaka wa ɗaga fatarsa suna fitowa ne daga laka a wajen T1, can saman ƙirji. Sirara ne, magani kaɗan ya ishe su, shi ya sa suke kamuwa a sama da inda sanyin ƙanƙara ya tsaya. An san hakan na faruwa jefi-jefi bayan efidural na ƙugu, kuma an fi ganin sa a masu ciki. Fitowarsa a dama ta dace da duk abin da muka gani tun safe: wata siririyar hanya a wannan ɓarin ta kai magani sama fiye da na hagu.

Na ce wa mahaifiyar, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, maganin ne ya taɓa jijiyar ido, zai sake da kansa." Muka dakatar da duk wani ƙari ta kateta, muka sa ido a kan numfashi da ƙarfin hannu kowane minti 15. Cikin awa uku ido ya koma daidai, kusan lokaci ɗaya da ƙafar hagu ta fara motsi. Ta dama ta biyo baya da kusan awa guda.

Washegari, bayan an sake duba ƙwayoyin daskarar da jini an ga ba su faɗi ba, aka cire kateta, bakinta cikakke. Ba ciwon kai, ba sauran sagewa, ta taka da ƙafarta zuwa banɗaki. A katinta na sallama an rubuta zurfin sararin daga fata, santimita 5, da cewa kateta a santimita 7 ta ba da ɓari ɗaya, a 5 da magani mai ruwa-ruwa ta kama biyu, da kuma alamar Horner a dama bayan mil 18, don likitan da zai karɓe ta a ciki na gaba.